Ɗinkin Rigar Bofa a Badi'a

Na ji abin da kika ce, Sa'a, ba sai kin sunkuyar da kai ba. Kin ce ɗinkin hannu aikin tsofaffi ne, duk wadda ta iya zura zare a allura ta gama koyo. Sauran ma kun yi dariya, na ji ku. To, tunda an ɗauke wuta, kekunanku duk sun yi tsit, ku matso kusa. A cikinku wa ta taɓa ɗinka riga mai ita tana ciki, tana numfashi, zufa tana tsatsafo mata, baƙi kuma suna falo suna jira? Ni na yi, shekara uku, a Riyad.

Gwaggona ce ta koya mini allura a nan Maraɗi. Na daɗe ina ɗinka tsumma kafin ta yarda in taɓa yadin mutane. Idan na gama sai ta ɗaga ɗinkin sama. In ta hango rana ta tsakaninsa, ba ta faɗa, ba ta zagi, reza kawai take miƙo mini in farke. Da wannan hannun na tafi Riyad a shekarar tamanin da uku. Maigidana, Malam Idi, direba ne a gidan wasu Larabawa a unguwar Badi'a. Matar gidan, Ummu Nasir, tana da mashgal a bayan gidan, wato shagon ɗinki na mata zalla, kuma tana neman wadda za ta riƙa dasa duwatsu a rigunan amare. Ita ta zama kafilata, wato mai tsaya mini a ƙasar. Ita ta ɗauko ni, iƙamata, takardar izinin zama, da sunanta aka yi, fasfona kuma yana cikin durowarta.

Kayan aikina ba su cika tafin hannu biyu ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam yakan kai ni kasuwar Batha, mu kutsa cikin cunkoson 'yan Indiya da 'yan Yaman da 'yan Filifin. Wajen wani Ba'indiye nake sayen allura siririya wadda ba ta barin babban rami a siliki. Kakin zuma kuma wajen masu sayar da zuma, don in kika ja zare a kansa ba ya ƙullewa, zufa ba ta cin shi. Sai 'yar hular ƙarfe da ake sa wa yatsa, da ƙaramin almakashi mai lanƙwasasshen baki. Shi ke nan. Sauran duk a ido yake da yatsa.

A can ƙuryar mashgal akwai wata siririyar mace mai guga, sunanta Bofa. Ta girme ni kaɗan. Takardunta sun ce 'yar Tailan ce, amma ita 'yar Kambodiya ce, yaƙi ya koro ta da ƙafa har sansanin 'yan gudun hijira a bakin iyaka, daga can wani dillalin ma'aikata ya shirya mata tafiya. Da Larabcin kicin muke magana da ita, rabi baki rabi hannu. Wata safiya Ummu Nasir ta shigo ba zato, ta tarar da ita tana jiran dutsen guga ya yi zafi. Tana tsaye da ƙafa ɗaya, ɗayar ta ɗaga ta baya tafin yana kallon silin, yatsun hannunta sun lanƙwashe baya kamar ba ƙashi a cikinsu.

Ummu Nasir ta ce, "Ke, mene ne wannan?"

Bofa ta sauke ƙafa da sauri ta ce, "Rawa ce, Madam. Tun ina ƙarama aka koya mini."

Ummu Nasir mace ce mai kan kasuwanci. A lokacin ƙasar ba ta karɓar 'yan yawon buɗe ido, amma garin cike yake da matan manyan ma'aikatan kamfanoni, da iyayensu mata da 'yan'uwansu da ke zuwa ziyara, kuma ba su da wajen zuwa sai kanti. Su ne 'yan yawon buɗe idonmu. Ba a yi wata uku ba ta shirya liyafa a babban falonta, kowace Alhamis bayan isha'i, mata zalla: abincin Kambodiya da rawar Kambodiya. Motar kamfani takan sauke su a bakin ƙofa cikin baƙaƙen abaya, su tuɓe a soro, su shigo da ƙananan rigunansu.

Ɗinkin farko da na yi wa Bofa, raina abin na yi, kamar yadda kuke rainawa. Ta shimfiɗa mini kayan a kan gado. Rigar sama ƙyalle biyu ne, gaba da baya, gefe da gefe a buɗe. Zanen kuma doguwar siliki ce mai zaren zinari, ba a yi mata komai ba. Na ce ina maɓallai? Ta ce babu. Na ce to zif fa? Ta girgiza kai kamar na zage ta. Su a wajensu a jiki ake ɗinke kayan rawa, duk ranar da za a yi, in an gama a farke. Maɓalli yana sa yadi ya yi ƙulli-ƙulli, zif yana ƙin lanƙwasa, su kuwa so suke yadin ya kwanta kamar fatar mutum.

Na ce wannan ai ba wani abu ba ne. Na haɗa gefen, na zuba ɗinki mai kyau wanda ko Gwaggo ba za ta hango rana a cikinsa ba. Bofa ta ɗaga hannu ɗaya a hankali, sai ji muka yi ɓarat a hammata. Na sake, na bar mata sarari. Ta juya ƙugu, rigar ta yi jaka a baya. Ta ce, "La, a'a, Dija. Farke." Ranar har la'asar ta wuce muna abu ɗaya, ban yi daidai ba.

Ga abin da na koya a makonnin da suka biyo baya, ku buɗe kunne. Na farko, yatsan hagu yana shiga tsakanin yadi da fatarta. In allura za ta sha jini, naki za ta sha, ba nata ba. Ku dubi kan wannan yatsan nawa, har yau bai san zafin tukunya ba. Na biyu, numfashi. In kika ɗinke ta lokacin da ta cika ƙirji da iska, da ta saki rigar za ta yi sako-sako. In kika ɗinke ta lokacin da ta fitar da iska duka, tsakiyar rawa za ta faɗi sumammiya. Sai kin sa tafin hannu a haƙarƙarinta kin ji inda numfashin ya kai rabi, a nan ake jan zare. Na uku, hammata ba a ɗinke ta hannu a sauke. Sai ta ɗaga shi daidai inda rawar za ta kai shi, ta riƙe a nan, ke kuma ki bi. Sannan zane: ana ninke gabansa ƙanana-ƙanana kamar mafici, kowane ninki daidai da ɗan'uwansa, a kama kansu da zare ta ciki yadda ba za a gani ba. In ninki ɗaya ya karkace, duk lokacin da ta durƙusa sai ya buɗe baki.

Daga la'asar muke farawa mu kai isha'i. Da zarar na ɗinke ta, ba ta zuwa bayi, ba ta zama sai a gefen kujera, ruwa ma kurɓa ɗaya take yi. In an gama rawa kuma wani aikin ne sabo. Zaren za ki yanke, ba silikin ba, don shi za a sa mako mai zuwa. Kuma in kin dawo ɗinki, ramukan da allura ta bi wancan makon su za ki sake bi. In kina buɗe sababbi kullum, wata biyu bakin yadin ya zama raga.

Abu na ƙarshe da take sawa shi ne kambi, wata doguwar hula mai tsini. Da hannunta ta yi shi, da kwali da waya da ƙananan gilasai da ruwan zinari, ta yi watanni tana haɗawa bayan an tashi aiki. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallake shi. Kafin ta sa, takan kunna turaren tsinke, ta haɗa tafin hannu, ta ambaci malamanta. Ni lokacin nake fita in yi sallata. Ba ta taɓa cewa in tsaya ba, ban taɓa cewa ta bari ba.

Abincin kuwa Bofa ce ta koya wa mai dafa wa Ummu Nasir: kifi da madarar kwakwa a naɗe cikin ganyen ayaba, a turara shi, da farar shinkafa, da miya mai tsami. Mata biyu 'yan Filifin ke rabawa. In an kwashe kwanuka sai a rage fitilu, in danna rikoda. Kaset ɗaya gare ta, kiɗan katako da ƙananan ganguna. Rawar ba irin tamu ba ce, babu tsalle, babu girgiza. Tafiya ce a hankali kamar a cikin ruwa, yatsu suna magana. Daga ƙarshe takan ɗebo fararen furanni daga wani ɗan kofi ta watsa wa baƙi.

Baƙin nan iri-iri ne. Akwai masu tafi inda ba a tafi. Akwai wadda za ta yi ta hira da maƙwabciyarta har a gama, sannan ta fi kowa cewa ya yi kyau. Akwai masu yin shiru, kofin shayi a hannu, su manta da shi. Wata nas 'yar Kano ta taɓa zagaya Bofa tana neman inda aka ɓoye zif, da ta rasa ta juyo ta ce mini, "Baiwar Allah, ta ina ta shiga rigar nan?" Wata dattijuwar Baturiya kuma ta miƙa hannu za ta cire kambin ta gwada a kanta. Na riƙe wuyan hannunta na ce, "La." Ta kai ƙarata. Ummu Nasir ta yi dariya kawai, don lokacin falon cika yake yi har a rasa kujera.

Sai shekarar tamanin da shida ta zo, farashin mai ya faɗi. Kamfanoni suka fara tattara kayansu. Gine-gine suka tsaya da ƙarafa a tsaye. A Batha kullum sai ka ga mutane da akwatuna ɗaure da igiya suna jiran motar filin jirgi. Motar da ke kawo mana baƙi ta koma zuwa rabi babu kowa. Ummu Nasir ta daina dariya. Ta sallami 'yan Filifin ɗin nan biyu, sannan wata Litinin ta kira mu falo, ni da Bofa.

Ta ce, "Daga wannan makon Bofa ce za ta raba abinci, da kayan rawarta da hularta. Baƙi za su so haka. Rawar kuma a rage ta, ta yi tsawo. Ke Khadija, ki sa wa rigar zif. Ba zan ƙara asarar yininki guda a kan riga ɗaya ba, ga rigunan amare suna jira."

Na ce, "Madam, wannan rigar ba a sa mata zif."

Ta ce, "Ba shawara na nema ba."

Na ce, "To a ba wata. Ni hannuna ba zai yi ba."

Ta kuwa ba wata. Akwai wata Bamisiriya a mashgal mai saurin keke, ba laifinta ba ne, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga ɗakin shiri, na tarar da rigar a kan gado. An tsaga bayanta da almakashi daga wuya har ƙugu an dasa zif, an bi gefe da gefe da keke. An ajiye babban tire kusa da kambin. Bofa tana zaune a ƙasa da kayan gugarta, tana kallon bango.

Ta ce, "Dija, za ki iya cirewa?"

Na ce, "Cirewa zan iya. Amma kin san abin da zai biyo baya? Ni in an kore ni Maraɗi zan koma, gidan ubana yana nan. Ke ina za ki?"

Ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "A ƙasarmu, lokacin da ake kashe masu rawa, na ce ni mai sayar da kifi ce. Na ɓoye hannuwana, na yi noma da su. Malamata ba ta iya ɓoye nata ba. Ita ta fara sa mini kambi a ka." Ta nuna tiren da haɓa. "Ba na ɗaukar miya da kambi a kaina."

Ta miƙe, ta tuɓe rigar guga, ta ɗaga hannuwa ta ce, "Ɗinka."

Farke ɗinkin keke daga jikin siliki, wannan shi ne aikin da ya fi kowane wuya a duk abin da na taɓa yi. Keke ba ya tausayi, yana huda yadi kusa da kusa. In kika ja zaren, silikin zai biyo shi. Sai da bakin allura, ɗaya bayan ɗaya, kina ɗagawa kina yankewa. Na cire zif ɗin na ajiye a kan tiren. Saura tsagar baya. Zaren kanti ba zai yi ba, don launinsa zai nuna a ƙarƙashin fitila. Na je ƙasan zanen, inda ake ninkewa ciki, na zaro zare daga jikin silikin kansa, mai laushi kamar gashin jariri. Ba a ja masa kaki, ba a ƙulla shi. Na haɗa bakin tsagar ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ina ɗaukar zare ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu, ina bin furannin zinarin don kowane rabi ya sami rabinsa. Na idar da magariba na dawo na ci gaba. Sannan na sa mata, na fara gefe.

Ina hammatar dama Ummu Nasir ta turo ƙofa. Ta dubi zif a kan tire, ta dubi Bofa, ta dube ni.

Ta ce, "Wa ya sa ki?"

Na ce, "Mai rigar."

Ta ce, "Ni ce mai rigar! Ni na sayi yadin, ni na kawo ta, ni na kawo ki. Khadija, iƙamarki tana hannuna, kin manta?"

Na ce, "Ban manta ba, Madam. Ki ɗan matsa, kin tare mini haske."

Ta tsaya tana huci. Da ta so, da ta fizge rigar. Amma sai ga ƙahon mota a bakin ƙofa, baƙi sun iso, kuma in ba Bofa babu abin da za ta nuna musu. Ta fita ta buga ƙofar har turaren ya faɗi.

Ban yi sauri ba. Na bi kowane rami, na ninke zanen yadda ake ninke shi. Baƙi suka yi ta jira, kifin ya bushe a tukunya, wata ta yi fushi ta koma mota. Da na gama da Bofa sai na ɗaura zane a kan rigar aikina, na ɗauki tiren nan, ni da mai dafa abinci muka raba. Ban iya ba, na zubar wa wata miya a takalmi. Sannan na rage fitilu na danna rikoda. Bofa ta fito da kambinta, ta yi rawar tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage ko taku ɗaya ba. Ta juya wa baƙi baya, fitila ta sauka a kan silikin, na duba da kyau daga inda nake tsaye. Ya kwanta.

Da muka koma ɗaki na yanke zaren kamar kullum, na ninke rigar da zanen na ajiye a kan gado, tunda Ummu Nasir ta sayi yadin. Kambin kuwa Bofa ta zauna ta ɗora shi a cinya, ta warware shi da hannunta. Ta cire gilasan, ta miƙe wayar, ta yayyaga kwalin, ta zuba duka a jakarta.

Ta ce, "Yanzu babu wadda za ta ɗauki miya da shi."

Ranar Asabar aka fara yi mata takardun fita ba dawowa. Mako bai zagayo ba Malam ya kai ta filin jirgi, jirgin Tailan, ƙasar da ba tata ba. Ba a bar ni na raka ta ba. Ban sake jin labarinta ba, ko ta koma sansani, ko ta kai gida, Allah ne masani.

Ni kuwa Ummu Nasir ba ta so rasa mai dasa mata duwatsu ba. Ta aiko Malam da saƙo: in zo falo gaban ma'aikata, in sumbaci kanta, in ce na yi kuskure, magana ta wuce.

Malam ya ce, "Dije, kalma ɗaya ce fa. Ginin da muke yi a gida ko rufi bai kai ba. Ki tuna da yara."

Na ce, "Malam, na iya ba da haƙuri. Ranar da na ƙona wuyan rigar wata amarya na ba da, har da durƙusawa. In tana so, zan ba ta haƙuri a kan kifin da ya bushe, da miyar da na zubar. Amma ɗinkin nan daidai yake."

Ya ce, "Ba kifi take nufi ba."

Na ce, "Na sani."

Haka na dawo Maraɗi da akwati ɗaya da allurata. Malam ya zauna ya ƙarasa kwantiraginsa shi kaɗai, ya daɗe ba ya sa gaisuwata a kaset ɗin da yake aiko wa yara. Ginin nan damina biyar ta zuba a cikinsa kafin mu rufa shi, da ɗinkin huluna da rigunan suna na sayi kwanon. Har Allah ya yi masa rasuwa, in zancen ya taso yakan ce taurin kai ne kawai ya ja mana. Ni kuma amsata ɗaya ce kullum: ya koma Badi'a ya ce a ɗauko masa rigar, ya juya bayanta a rana. In ya nuna mini inda aka tsaga, zan je in sumbaci kan Ummu Nasir.